Manja a Cikin Giya

Hinde,

Innalillahi! In kin dawo daga bikin suna a Sanyinna kada ki ɗora miya. Kada ki buɗe galan ɗin manjan da kinka kulle a ɗakinki.

Kin san motar da na saya hannun Baturen gona, mai canza giya da kanta. Ɗangiwa makanike ya ce man giyarta ya tsufa, sai an sake. Na sayo sabo daga Sakkwato, ja wur, cikin galan irin naki sak, na aje shi kusa da manjanki. Yau da hantsi munka tsiyaye tsohon, baƙi ƙirin, munka ɗura sabon. Ko kasuwar Tambuwal ba mu kai ba ta kama gurnani, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Sai ƙamshi ya tashi kamar ana tuyar ƙosai. Ɗangiwa ya tsoma yatsa ya lasa, ya dube ni ya ce, "Malam Armaya'u, manja munka ɗura."

Man motar shina ɗakinki, kin kuma tafi da makulli. Ni ga shi ana jirana Kebbe wurin allurar yara, zan bi babbar mota.

Ki kai galan ɗin zaure, nesa da yara.

Don Allah, Hinde, miyar jiya da rana, wadda har na ce ki ƙaro min, da wane galan kinka yi ta?

Armaya'u