Adireshin da Inna Ta Yi wa Kuka

Zuwa ga Yaya Zailani,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Inna da mutan Mabai baki ɗaya. An samu shiga gona bana?

Na ji Inna ta daina cin abinci tun da aka ce mata na rasa adireshina. Don Allah ka kwantar mata da hankali, ba a kore ni kan titi ba. Adireshin imel ne, wanda kamfanin intanet ya ba ni lokacin da na ja layinsu ɗakina a nan Ingila. Da na tashi daga gidan, sai suka ce za su rufe shi tare da layin. Ɗakin da na koma ƙarami ne, mu biyu a ciki, amma wannan ba sai ta ji ba.

Abin da ya tayar mini da hankali muryar Baba ce. Duk maganganunsa da ka ɗauka ka turo mini kafin rasuwarsa suna ciki. Na roƙe su, suka ƙara mini wata guda. Alhamdu lillahi, jiya na gama kwashe su zuwa wannan sabon, wanda ba ruwansa da kowane kamfanin layi. Na kunna ɗaya, yana mini faɗan rashin cin abinci. Allah Ya jiƙansa.

Ka riƙe wannan imel ɗin. Inna kuwa, ka ce mata adireshina yana nan inda ta san shi: Mabai, gidan da ke kallon rijiya.

Ƙanwarka,
Mansura