Baƙon da Ya Ce Shi Mpondomise Ne

Khayelitsha, 9 ga Oktoba

Gwaggo Nomakhosi,

Ina gaishe ki da ladabi. Yaya ƙafar, yaya mutanen Qumbu? Ni lafiya lau, tarin ya yi sauƙi, kuma an ce ba za a rufe maɗaba'armu kafin Disamba ba.

Wani Mlungisi ya zo, wai ɗan Baffa Zolile ne, wanda ya ɓace a mahaƙar zinariya. Yana so in kawo shi gida a yanka akuya a gabatar da shi ga kakanni, a nuna masa gonar ubansa. Kirarin zuriyarmu ta Mpondomise kuwa ya zuba shi tiryan-tiryan, kamar jiya ya haddace.

Ran Asabar macijin nan mai ruwan ƙasa, wanda zuriyarmu ba ta kashewa, ya shigo tsakar gida, Mlungisi ya fasa masa kai da shebur. Maƙwabciyata ta ce masa, "Kai Mpondomisen ina ne? Kakanku Majola ya kawo ziyara, ka kashe shi?"

Kada a taɓa gonar tukuna. Ki tambayi tsofaffi ko Baffa ya bar ɗa.

Amma kada ki yanke wa Mlungisi hukunci da macijin kaɗai, Gwaggo. Shekara sha tara rabona da gida, kuma ni na miƙa masa shebur ɗin.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Vuyisile