Sunan Lorne Ba Zai Hau Taswira Ba

Litinin, 9 ga Janairu

Wai sunan Lorne Pruden za a sa wa mazaɓarmu. A jaridar unguwa na gani, ƙarƙashin tallan tayar mota. Hukumar shata mazaɓu ta lardi za ta sake yanka mazaɓarmu ta Larch Hollow, 'yan jam'iyya kuma sun roƙa a kira sabuwar Edmonton-Pruden, sunan birninmu haɗe da nasa, don karrama marigayi. Karramawa! Sai da na ajiye kofin shayi don kada in fasa shi.

Talata, 10 ga Janairu

'Yata Tanya ta bugo daga Calgary. "Mama, mutumin nan ya mutu, Baba ma ya mutu. Ki bar su su huta mana." Na ce ubanki ne ya huta, ni ban huta ba.

Bari in rubuta, tunda 'yar cikina ma ta manta. Lokacin da aka kafa mazaɓar nan a 1971, gonakin dankali ne da gidaje layi shida. Mijina Orest ya ci kujerar majalisar lardi a 1979, ya ci sau huɗu a jere, ɗaya da ratar ƙuri'a arba'in da ɗaya kacal. Makarantar sakandare, shi. Motar bas da ta fara shigowa unguwa, shi. Lorne kuwa yaronsa ne mai kafa allunan kamfe, a kicin ɗina ya ci miyar kabeji shekara goma sha uku. Matarsa Doreen ƙawata ce, tare muka yi goyo. Sai ga zaɓen fidda gwani na 1992. Lorne ya cika bas huɗu da sababbin 'yan jam'iyya daga rukunin gidajen da aka gina bayan babban titi, mutanen da ko sunan Orest ba su iya faɗa ba. Ya kayar da shi. Orest ya dawo gida ya zauna a gareji da kwat a jikinsa. Shekara huɗu bayan nan zuciyarsa ta tsaya. Lorne ya ci kujerar shekara ashirin.

Na sa sunana cikin masu magana a zaman jin ra'ayin jama'a. Minti biyar ake ba kowa. Ya ishe ni.

Lahadi, 15 ga Janairu

Bayan coci na bi gida tara cikin ƙanƙara da takardar ƙorafi a kan sunan, ina neman sa hannu. Tsofaffin magoya bayan Orest saura bakwai. Stan Wozniak ya sa hannu yana dariya: "Verna, ke ko a kabari sai kin tono mutum kin mare shi." Na ce in ya tonu.

Talata, 24 ga Janairu

An yi. Ɗakin taron otal, kujeru sittin, mutum bai kai ashirin ba. Na faɗi komai: bas huɗu, miyar kabeji, gareji. Na ce in kun sa sunan nan, kun koya wa yaran unguwa cewa mai cin amana shi ake rubutawa a taswira. Shugaban zaman, wani tsohon alƙali, ya daina wasa da biro. Muryata ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya.

Doreen na layi na biyu. Rabona da ita shekara ashirin da biyar, ban da hange a kanti. Ta tsufa fiye da ni, na ji daɗin wannan. A wajen rataye riguna ta tare ni. Na ɗauka kuka za ta yi. Ina!

"Kin iya jawabi, Verna. Amma kin tsallake layi ɗaya. Orest ya yi wa Lorne alkawari zai sauka bayan zango uku ya bar masa kujerar. A teburinki. Ke kika zuba kofi."

Na ce ƙarya kike. Ta ɗaura gyalenta ta fita.

Laraba, 25 ga Janairu

Ƙarya take.

Juma'a, 27 ga Janairu

To, an yi maganar. Amma magana ce ta kan tebur, ba rantsuwa ba. Kuma ni na ce wa Orest kada ya sauka, na ce yaron bai nuna ba tukuna. Ba ni da gaskiya? Ko da an saɓa maka, sai ka kawo bas huɗu? Ba zan janye ko kalma ɗaya ba.

Alhamis, 25 ga Mayu

Rahoto ya fito. Babu Pruden! Hukuma ta ce sunan ya jawo saɓani. Na yi rawa ni kaɗai a kicin har gwiwa ta tuna mini shekaruna.

Sai da na karanta shafi na gaba. Babu Larch Hollow ma. An raba mu uku an liƙa wa maƙwabta. Layinmu ya faɗa wata mazaɓa mai sunan kusurwa, kudu maso yamma kaza. Shekara arba'in da shida, an goge. Stan ya bugo: "Kin kashe maciji, ɗakin ma ya tafi da shi." Na kife wayar.

Asabar, 10 ga Yuni

Doreen na sayar da kayan gida, za ta koma Kelowna wurin ɗanta. Na je ne don in ga ana watsa kayan Lorne a kan ciyawa, ba don komai ba. Na same ta ita kaɗai da kwali talatin, ta riga ta fasa faranti biyu.

"Kin zo dariya ne?"

Na ce eh.

"To yi dariyar kina naɗe kofuna, ga jarida nan."

Awa uku. Ba mu ambaci kowa ba sai can da ta ce, "Kin san ke kaɗai kika rage da ta san Lorne yana da gashi a ka?" Na ce lokacin ma ba kyau gare shi ba. Ta yi dariya har ta zauna a kan kwali.

Ban yafe ba, a rubuta wannan. Kwalayen ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne dai ba a taɓa ba, matattakalar kuma ta fi ƙarfin ƙafarta. Na ce mata zan dawo ƙarfe tara ranar Litinin.