Gaisuwar Mutuwar Janar

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya kuma ƙafar Inna? Mu nan Springfield sai godiya.

Jiya na tafka abin kunya. Na ji a labarai tsohon shugaban Poland ya mutu, janar ɗin nan mai baƙin tabarau. Ka san halinmu, sai na yafa mayafi na shiga yi wa maƙwabcina ta'aziyya, wani dattijo ɗan ƙasar ta Poland.

Ya ce, "Gaisuwar wa?" Sannan ya zare haƙoran roba ya ajiye a gabana. Ashe a tsare aka zubar masa da nasa, lokacin da janar ɗin ya fito da tankokin yaƙi yana kame 'yan ƙungiyar ma'aikata. Mahaifiyarsa ta rasu yana ciki, ba wanda ya gaya masa.

Allah wadaran mulkin bindiga. Kai kuma da kullum kake cewa soja su dawo su gyara mana ƙasa, ka fara ƙirga haƙoranka tukuna.

A gaida Inna, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Bilki