Kwana Uku Kusa da Baffa Isa

Assalamu alaikum Yaya Haruna,

Ina gajiya, ina iyali? Ya jikin Hajara? Mutanen Daura suna lafiya.

Jirginmu na Makka ya yi jinkirin kwana uku. A sansanin alhazai tabarmata tana kusa da ta Baffa Isa, wanda ya cinye gonar mahaifinmu ta Sandamu. Zazzaɓi ya kayar da shi, ya riƙe hannuna yana kuka, wai in yafe masa kafin mu tashi.

Na ba shi ruwa, na ce, "Baffa, mai gonar yana kabari, can za ka nema."

Kullum sai ya sake roƙo. Ban taɓa jin daɗin jira haka ba.

Ka sa ni a addu'a, shi kuwa kada ka wahalar da kanka. A gaida yara.

Ƙaninka,
Sani