Bashar Bai Gane Ni Ba

Daren Lahadi, Tambuwal

Yau mai babur ya tsinto ƙanena Bashar a hanyar Kebbe, bai san inda za shi ba. Ƙaton da jami'ar Amurka ta ɗauka don ƙwallonsu na karo, yana tare maza da kai da ƙirji. Da babbar ƙungiya ta saye shi, kowa a garin nan danginmu ne. Gwiwa ta lalace, kai ya bugu, sai sunka sallamo muna shi.

Ina zuba mishi tuwo ya ce, "Baiwar Allah, ina Yaya Hadiza?"

Ni ce fa Hadizar, ni na goye shi. Na ce, "Tana zuwa, ci abincinka."

Su can tuni sun sa wani a gurbinshi. Ni wa zan sa?