Baba na neman gwalalo

Unguwar Misfala, Makka, daren Laraba, Safar 1368

Baba ya ɓace tun hantsi. Sai la'asar na same shi kan dutsen Ajyad, yana shafa bangon tsohuwar ƙal'ar Turkawa, wato sansanin yaƙinsu.

"Habu, ina gwalalon?" in ji shi. "A Kano rami muke haƙawa, mu ɗora ƙasarsa kan ganuwa, sarƙaƙiya ta cika shi. Doki ba ya tsallakewa."

Na ce nan Makka ne, Baba. Ya daɗe yana kallona, ya ce in kai shi gida. Ni ko Kanon ban taɓa gani ba, amma na ce gobe.

Barci ya ƙi zuwa. Ga Baba can bakin ƙofa, ya ɗaure kayansa, yana jiran asuba.